Masu Jifan Rafin Ƙaya

Ku gyara zama ku saurara da kyau, domin labarin nan idan ya ƙare shari'a zai bar muku a hannu. Ba na son wanda ya yi gyangyaɗi a tsakiya ya zo yana ɗaga murya a ƙarshe.

A gindin duwatsu akwai wani ƙaramin gari da ake kira Rafin Ƙaya. Tun da daɗewa wani Bature ɗan Amirka, malami a makarantar mishan ta garin, ya koya wa yara wani wasa mai suna besbol. Baturen ya koma ƙasarsu. Makarantar ta tsufa, iska ta yaye rufin wasu ajujuwa ba a mayar ba, ciyawa ta cinye lambun furanni. Amma wasan ya zauna.

Ga yadda ake yin sa. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurga ƙwallo mai tauri kamar dutse zuwa ga mai bugu, wanda ke riƙe da gora. A bayan mai bugu akwai mai tarewa a tsugune. In mai bugu ya kuskure sau uku, ya fita. In ya samu ƙwallon sai ya ruga, ya bi tashoshi uku da ke kewaye da filin ya dawo gida, wannan shi ne ci ɗaya. An fitar da mutum uku, sai a yi musaya, masu bugu su koma tsaron fili. Ana yin haka zango tara. A gefen filin kuma akwai inda sauran masu jifa ke zama suna jiran a kira su, mutanen garin suna ce masa garke.

Mai horar da 'yan wasan garin shi ne Malam Filibus, tsohon malamin lissafi, wanda ya koyi wasan tun yana ɗan gajeren wando. Abu ɗaya ya sani wanda garin ya ƙi yarda da shi: hannun mai jifa yana ƙarewa. Mutum ya yi jifa fiye da ɗari a yini, naman kafaɗarsa yana tsattsagewa a ciki inda ido ba ya gani, kuma sai ya huta kusan mako kafin ya haɗe. Dattawa suna dariya in ya faɗi haka. Suna cewa mutumin da ke wuni da garma a hannu, yaya za a yi 'yar ƙwallo ta gajiyar da shi? Malam ba ya musu da su. Sai dai ya ci gaba da aikinsa.

Masu jifa uku gare shi. Akwai Kefas, manomi, ƙaƙƙarfa, wanda kan yi zango tara shi kaɗai ƙwallonsa ba ta yi sanyi ba. Akwai Sallau, bahago, mai gyaran keke a bakin kasuwa. Jifansa ba shi da gudu sosai, sai dai lanƙwasa da dabara, kuma yakan kai rabin wasa kafin a gane shi. Na ukun shi ne Dogara, tela, siriri, marar magana. Yana yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karya ƙashin kafaɗa, ƙashin ya haɗe a karkace. Babu wanda ya kai shi gudun jifa a duk lardin, amma hannun kamar bindigar toka yake. 'Yan jifa kaɗan ne a cikinsa, in sun ƙare sai an kwana biyu.

A shekarar da nake ba ku labari, Rafin Ƙaya ta kai wasan ƙarshe na kofin lardi, abin da ba ta taɓa yi ba. Za ta kara da 'yan Barikin Kuza, jikokin mahaƙan ma'adinai, masu damatsa kamar turmi. Wasa uku ne a cikin mako guda, wanda ya ci biyu ya ɗauki kofi, kuma na uku washegarin na biyu zai faɗo. Wani jami'in wasanni ya zo daga babban birni, ya tara ƙungiyoyin biyu ya ce musu akwai gurbi ɗaya na mai jifa ɗaya, wanda za a kai ƙasar waje a horar da shi, a kuma biya masa karatu. Daga ƙungiyar da ta ci kofi za a ɗauka, kuma mai horarwarta ne zai faɗi sunan. Malam Filibus ya dubi samarinsa uku. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin jirgin sama a ƙasa.

Ya tsara abinsa a natse. Kefas zai yi wasan farko shi kaɗai. A na biyu Sallau zai fara, Dogara ya rufe. In Allah ya so shi ke nan, ba sai an je na uku ba.

Wasan farko a Barikin Kuza aka yi, kuma ya tafi yadda aka tsara. Kefas ya tsaya a kan tudu tun daga farko har ƙarshe. Babban mai bugunsu, wani ƙato da ake kira Jatau, shi kaɗai ya samu ƙwallon sau ɗaya ya aika ta bayan katanga. Rafin Ƙaya ta ci uku da ɗaya. A hanyar komawa Malam ya shafe kafaɗar Kefas da man kaɗanya, ya naɗe ta da tsumma mai ɗumi, ya ce masa daga yau hannun nan ba garma, ba guga, ba gatari. Cin tuwo da gaisawa kawai aka yarda masa.

To, sai ga matsala. Kefas yana neman auren wata yarinya, Rifkatu, kuma al'adar wajen ita ce mai neman aure ya je girbi a gonar surukinsa, a sa shi a gaban layi, dangin yarinya su ga irin ƙarfinsa. Uban Rifkatu ya daɗe da sa ranar girbin accarsa, ta faɗo daidai tsakanin wasan farko da na biyu. Acca kuwa ba ta jira, in ta wuce nuna zubewa take yi. Kefas ya zo ya faɗa wa Malam. Malam ya ce shi ba zai hana mutum aure saboda ƙwallo ba, amma Kefas ya sani in Sallau ya faɗi, babu mai fara wasa na uku sai shi.

Ranar girbi Malam ya bi sawu a hankali ya tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa. Abin da ya gani ya daɗe bai bar shi ba. Kefas ya ɗaure damtsensa na dama a jikin haƙarƙarinsa da zane, yatsun kawai ke tattara accar, lauje kuma a hannun hagu da bai saba ba. Kafin rana ta yi tsaka samari sun wuce shi, tsofaffi ma sun wuce shi. Ya yanke ƙwaurinsa har jini ya sauka cikin takalmi. 'Yan mata suka sa masa waƙa, suna kiran sa angon Rifkatu mai fiffike ɗaya. Uban yarinyar ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Kai ne za ka ciyar min da 'ya da hannu ɗaya?" Kefas ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, hannun ajiya ne. Ba nawa ba ne sai ƙarshen mako." Tsohon ya ce zai sake tunani a kan maganar auren, ya juya. Kowa ya watse da la'asar. Kefas ya zauna ya ƙarasa layinsa shi kaɗai, bai kwance zanen ba.

Wasa na biyu a gida aka yi, a filin tsohuwar makaranta. Garin kaf ya fito. Mahaifiyar Sallau, Inna Kande, ta kafa kaskon ƙosanta a bakin fili, ta riga ta gaya wa kowa yau ɗanta ne zai kawo kofi. Da safe an yi ruwa, ciyawa ta jiƙe, ƙwallo tana santsi. Lanƙwasar Sallau ta ƙi kamawa. Masu tsaron fili suka yi ta sakin ƙwallo daga hannu. Kafin a gama zango na uku 'yan Kuza sun ci takwas, Rafin Ƙaya ba ko ɗaya.

Jama'a suka fara kiran sunan Dogara. Dogara ya miƙe a garke yana duban Malam. Malam ya zauna yana lissafi a zuciyarsa, lissafin da ba ya son amsarsa. In ya sa Dogara yanzu, zai ƙare 'yan jifansa a wasan da ya riga ya tafi, gobe babu mai rufewa. In ya sa Kefas, ya kashe hannun da aka sha wulaƙanci don a adana shi. Sai ya tashi ya taka zuwa tudu.

Ya ce, "Ɗana, wasan nan ya fita hannunmu. Ba zan sa kowa ba."

Sallau ya juya ƙwallon a hannunsa. Ya ce, "Wato ni kaɗai zan sha dukan har ƙarshe."

"Kai kaɗai."

"Malam, Inna tana kallo. Mutumin birnin ma yana kallo."

"Na gan su."

Sallau ya ce, "To koma inuwa, Malam, rana tana dukan ka."

Zango shida ya ƙara. Suka buge shi ta kowane gefe. Jatau ya aika ƙwallo kan rufin ajin da ya yaye, ya sake aika wata cikin gonar rogo. Mutanen garinsu, waɗanda yake gyara wa keke, suna ihu a cire shi, wasu suna cewa Malam tsufa ya taɓa masa kai. Inna Kande ta kashe wutarta ta juya wa filin baya. Malam bai ɗauke ido daga kan tudu ba. Abin da ya ba shi tsoro shi ne Sallau bai jefa ko ɗaya da wasa ba. Kowace ƙwallo sai ya goge ta a wando, ya dubi mai tarewa, ya ja numfashi, kamar kofin a kanta yake. Bai waiwayi garke ko sau ɗaya ba. Aka tashi sha shida da biyu. Da ya sauko, hannunsa na hagu yana lilo kamar ba a jikinsa yake ba, kuma babu wanda ya yi masa sannu sai Kefas da Dogara.

Washegari aka tafi babban filin lardi don wasa na uku. Kefas ya hau tudu da rabin hutun da hannunsa ke bukata. Zangunan farko ƙwallon tana tafiya kamar yadda ta saba. Malam dai ba ƙwallon yake kallo ba, gwiwar hannun yake kallo, domin ya san in gajiya ta zo gwiwar ce ke fara sauka. A zango na biyar ta fara. Kefas ya koma ga wayo, yana jefa wannan ƙasa, wancan gefe, yana cije leɓe bayan kowane jifa. 'Yan Kuza suka ci ɗaya. Rafin Ƙaya ta lallaɓa ta ci biyu.

A can garke kuwa mutane sun samu abin dariya. Rana tana ƙuna, amma Dogara yana zaune ƙudundune cikin bargo, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ka'ida ita ce mai jifa ya ɗumama hannu da 'yan jife-jife kafin a kira shi. A zango na bakwai Malam ya aika Sallau ya ce wa Dogara ya fara. Sallau ya dawo da amsa cewa Dogara ya ce a yi masa haƙuri, in ya jefa su a garke babu sauran na tudu, rana da bargo za su ɗumama masa. Tun da Malam yake horarwa ba a taɓa mayar masa da umarni ba. Duk da haka ya ƙyale shi. Ya san yaron ya fi shi sanin abin da ya rage a kafaɗarsa, amma ya kuma san hannun da bai motsa ba yana iya tsinkewa a jifan farko.

Aka shiga zango na tara, biyu da ɗaya, 'yan Kuza ne da bugun ƙarshe. Kefas ya fitar da mutum ɗaya. Na biyu ya samu ƙwallon ya kai tashar farko. Na uku ma haka, na huɗu ma haka. Tashoshi uku suka cika, saura a fitar da mutum biyu, kuma na biyunsu Jatau ne. Jama'a suna kiran sunan Kefas. Kowa ya ji jami'in nan da safe yana cewa wanda ya gama wasa biyu shi kaɗai a mako guda, ba sai an yi shawara a kansa ba. Kefas ma ya ji. Malam yana tsaye ya kasa takawa, domin bai san yadda zai karɓe ƙwallo daga hannun da ya yi wannan aiki ba.

Kefas ne ya ɗaga hannun hagu ya yafuto shi. Da Malam ya iso sai ya ce, "Malam, yatsuna sun daina jin ƙwallon. In na ƙara jefawa gida za su kai ta. Kira tela." Ya sa masa ƙwallon a tafi, ya sauko daga tudu kansa a sunkuye, saura mutum biyu ya gama.

Dogara ya yar da bargon. Rigarsa ta manne a jikinsa, ƙashin kafaɗar nan a karkace kowa yana gani. 'Yan Kuza suka yi masa ba'a suna tambaya ko zazzaɓin ya sauka. Bai amsa ba. Ya jefa ta farko, filin ya yi tsit, don ƙarar da ta yi a hannun mai tarewa kamar an fasa kwakwa a kan dutse. Jifa uku, mutumin ya fita, gorarsa ba ta ma sauko daga kafaɗa ba.

Sai Jatau ya shigo. Dogara ba shi da lanƙwasa, ba shi da wayo, jifa iri ɗaya ne gare shi, kuma Jatau ya san haka. Ya kuskure ta farko. Ta biyu ya taɓa ta, ta fita gefe, aka ƙirga masa kuskure na biyu. Daga nan ya yi ta taɓa su suna fita gefe, ɗaya bayan ɗaya, wanda a ka'idar wasan ba ya fitar da mutum. Yana yi da gangan, yana jiran bindigar ta ƙare. Malam yana ganin kafaɗar Dogara tana rawa tsakanin jifa da jifa. Ya san 'yan jifan nasa sun ƙare, ya san yaron ya riga ya wuce abin da ke cikin hannunsa. Bayan Dogara babu kowa a garke sai mutum biyu masu matattun hannuwa.

Dogara ya tsaya ya daɗe. Sannan ya ɗaga ƙafa ya jefa. Malam Filibus ya shekara hamsin yana kallon wasan nan, amma ya ce bai ga wannan ƙwallon ba. Ƙararta kawai ya ji, sannan ya ga gorar Jatau tana wucewa ta inda ta riga ta wuce. Mai tarewa ya faɗi zaune, tafin hannunsa ya tsage a cikin safar fata. Jatau ya tsaya yana duban gorarsa, sannan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Da ya zo gaisawa, Dogara ya kasa ɗaga hannun dama, sai da ya tallafo shi da na hagu.

Aka ba su kofi, aka yi kiɗa, aka ɗaga Malam sama yana roƙon a sauke shi. Da abin ya lafa, ya sami samarinsa uku a bayan akori-kurar da za ta mayar da su gida, zaune a jere, kowa hannunsa a cinya kamar kayan aro. Suna cin rake da wahala, ɗaya yana riƙe wa ɗaya. Jami'in ya zo ya tsaya kusa da shi ya ce, "Malam, suna ɗaya nake jira. Motata za ta tashi."

Malam ya dubi Kefas. Shi ya ci wasan farko, shi ya kai na uku bakin ƙarshe da hannun da bai warke ba. Ya sa aurensa a kan siraɗi don ya adana hannun, kuma lokacin da gurbin yake tafin hannunsa shi da kansa ya sauke shi, don kada gari ya faɗi.

Ya dubi Sallau. A takardar sakamako shi ne wanda aka ci sha shida, kuma haka za a riƙa tunawa da shi a bakin kasuwa. Amma da ya waiwayi garke sau ɗaya, da ya ce ya gaji, da babu Dogara a ranar ƙarshe, ko babu Kefas. Hutun da suka samu daga jikinsa aka yanko shi, a gaban uwarsa.

Ya dubi Dogara. Duk makon nan jifan da ya yi bai kai na zango ɗaya na sauran ba. Sai dai ba don 'yan jifan nan ba, da wahalar Kefas ta tashi a banza, da kunyar Sallau ta zama kunya kawai. Ya ƙi umarnin malaminsa a inda ya san gaskiya, ya shiga lokacin da kuskure ɗaya ya isa ya rushe komai, ya kuma jefa abin da babu shi a hannunsa.

Direba ya danna oda. Jami'in ya dubi agogonsa. Malam Filibus ya cire tabarau ya goge, ya mayar, har yanzu su ukun ne a gabansa.

To, ga ku ga su. Gurbi ɗaya ne, kuma ba a raba shi. Sunan wa ya kamata Malam ya faɗa?